Gahawar Tsaunuka Masu Aman Wuta: Yadda Za A Saye Ta, A Adana, A Dafa

Yawancin gidajenmu gahawa ɗaya suka sani, wato garin nan na gwangwani ko na 'yar leda da mai shayi yake barbaɗawa a kan madara idan an ce ya ƙara ƙarfi. A 'yan shekarun nan wata iri ta fara shigowa. Ana ganin ta a manyan kantunan Abuja da Legas, ko a jakar ɗan'uwan da ya biyo ta Adis Ababa ko Nairobi ko Kigali: 'yar jaka mai giram 250, ƙwayoyi ne a ciki ba gari ba, an zana dutse yana hayaƙi a jikinta, kuɗinta kuwa sai maigida ya sake duba takardar farashi. Masu sayarwa kan ce daga gona ɗaya ko yanki ɗaya ta fito, a kan tsaunin da ya taɓa aman wuta. Wani lokacin gaskiya ne, kuma ta ci kuɗinta. Sau da yawa kuma mai kyau ake sayowa, sai a kashe ta a ɗakin girki tun ba ta kai baki ba.

1. A karanta rubutun jikin jaka, a bar hoton dutse.

Tsofaffinmu masu cin goro ba su taɓa yarda cewa goro goro ne ba. Akwai na Gwanja, akwai na Laɓoji a ƙasar Nupe wanda ya yi suna a fadojin sarakuna, kuma gwani sai ya tambayi asali kafin ya taya. Haka gahawa take. Garin gwangwani gauraye ne daga ƙasashe da gonaki barkatai, an haɗa shi don ɗanɗanonsa ya zama ɗaya bana da baɗi. Wadda ake ce wa ta asali ɗaya kuwa, amfaninta shi ne a iya bin sawunta har gindin bishiya. Jakar gaskiya za ta faɗi ƙasa, da yanki, da sunan gona ko ƙungiyar manoma ko wurin wanki, da tsayin wurin, da irin bishiyar, da yadda aka sarrafa ta, da ranar da aka soya. Idan duk abin da aka rubuta bai wuce kirarin dutse da kalmomin yabo ba, a mayar da ita inda aka ɗauko.

Suna kaɗai ma ba ya isa. A Hawaii ta Amurka ana noma gahawar Kona a gefen tsaunukan Hualalai da Mauna Loa, tana cikin mafiya tsada a duniya. Shekara da shekaru doka ta bari a rubuta Kona a jikin gaurayen da Kona ɗin cikinsa kashi 10 ne kacal cikin ɗari. Sai a 2024 aka yi dokar da ta ɗaga shi zuwa kashi 51, ita ma daga watan Yulin 2027 za ta fara aiki. Don haka duk inda aka ga babban suna, a nemi ƙananan haruffan da ke ƙarƙashinsa.

2. A san abin da dutsen yake yi, da wanda ba ya yi.

Ƙasar da ta samu daga toka da narkakken dutse tana da laushi, saiwa tana ratsa ta ba wahala. Tana riƙe laima, amma ba ta barin ruwa ya kwanta, kuma kwanciyar ruwa ce bishiyar gahawa ta tsana. Tana ɗauke da fotashiyam da magniziyam da shuka ke buƙata. A kwarin Antigwa na ƙasar Gwatamala, wanda tsaunukan Agua da Fuego da Acatenango suka kewaye, har gobe Fuego yana yayyafa wa gonaki sabuwar toka. Manoman wurin sun san tsadar wannan taki, domin aman da ya yi a watan Yunin 2018 ya hallaka mutum fiye da ɗari.

Sai dai ni a ganina an cika zuzuta toka. Abin da ya fi ta aiki shi ne tsayi. Tsakanin mita 1,400 da 2,000 rana tana da ɗumi, dare kuma da sanyi, sai 'ya'yan su nuna a hankali, ƙwayar ta yi tauri, ta tara zaƙi da ɗan tsami mai daɗi. Shi ya sa Gwatamala take ba wadda aka noma sama da mita 1,350 matsayi mafi girma, ta rubuta mata SHB. Mai shakka ya dubi yankin Buon Ma Thuot a tsakiyar Biyetnam. Jar ƙasar aman wuta ce mai kyau, amma tsayin wurin kusan mita 500 ne, abin da ake nomawa kuma robusta ce mai ɗaci, wadda kaso mai yawa nata a garin gwangwani yake ƙarewa. Saboda haka abu biyu za a fara nema a jikin jaka: a ga an rubuta arabika, wato irin bishiyar da ba robusta ba, a kuma ga adadin mita. Na uku ba ya rubutuwa, shi ne hannun da ya bi bishiya yana tsinkar jajayen 'ya'ya kaɗai, ya bar ɗanyu sai wani zagayen.

3. A zaɓa bisa bakin mutanen gida.

Ba kowace mai tsada ce za ta yi wa kowa daɗi ba, kuma nan ne ake yawan yin asara. Ta Kenya, daga Nyeri da Kirinyaga a gindin Dutsen Kenya, musamman irin SL28 da SL34 waɗanda aka zaɓo a ɗakin binciken Scott a shekarun 1930, tana da tsami mai kaifi da ke kusa da na zoɓo. Wanda ya saba da madara da sukari cokali uku zai ce ta lalace, alhali kuwa haka take. Ta Yirgacefe a Habasha ba ta da nauyi, ƙamshin fure da na lemun tsami gare ta. Ta Antigwa tana jan baki wajen cakulan, tana kuma jure madara. Ta Sumatara a Indunusiya, daga kewayen tafkin Toba wanda shi kansa ramin wani tsohon aman wuta ne, tana da kauri, tsaminta kaɗan ne, da ɗan ƙamshin ƙasa, saboda ana ɓare ta tun tana da sauran laima.

Gidan da ba a shan komai sai da madara, ya fara da Gwatamala ko Sumatara. Mai shan ta baƙa ya gwada Kenya ko Habasha ko Ruwanda. A duba kuma yadda aka sarrafa ta: wankakkiya, wadda aka cire wa ɓawo aka wanke kafin shanya, ɗanɗanonta a bayyane yake tas, wadda aka shanya da ɓawonta ta fi zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, amma idan mai shanyar ya yi sakaci sai ta yi tsamin ruɓa.

4. Kada a tsallake ta kusa.

Tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, wanda yawancinsa ya haura mita 1,500, ci gaba ne na tsaunukan yammacin Kamaru, su kuma suna kan layin aman wutar da ya bi ta Dutsen Kamaru kusa da Buea, ya kuma bi ta Oku. Ana noma arabika a kewayen Gembu, har cibiyar binciken koko ta Najeriya tana da reshe a Kusuku mai kula da gahawa da ganyen shayi. A tsallaken iyaka, ƙungiyar UCCAO mai hedikwata a Bafusam ta samo asali ne tun 1958 daga haɗin kan manoman arabika. Wanda yake da ɗan'uwa a waɗannan wurare, ko direban da yake bin hanyar, zai iya samun ɗanyar gahawa da kuɗin da bai kai na kanti ba.

Amma a tsaya a duba, domin matsalar gahawar ƙananan manoma ba daga gona take ba, daga shanya take. A ɗebi tafi guda a shaƙa. Idan an ji warin fumfuna ko na hayaƙi, a haƙura. Lafiyayyar ƙwaya launinta kore-kore ne mai ɗan toka-toka, ba fari fat ba, ba kuma rawaya ba. A gida, uwargida ta zuba a faifai ta tsince baƙaƙe, da waɗanda ƙwaro ya huda, da karyayyu, da tsakuwa. Masu auna gahawa ta musamman ƙa'idarsu ita ce a cikin giram 350 kada a sami babban aibi ko ɗaya, ƙananan kuma kada su wuce biyar. Baƙar ƙwaya ɗaya tana iya ɓata buta guda.

5. Kada haruffa su ruɗi maigida.

AA da ake gani a jakar Kenya girman ƙwaya take nufi, ba daɗinta ba. Akwai AB da ta fi AA daɗi nesa ba kusa ba. Abin da ke magana a kan ɗanɗano shi ne maki: masu ɗanɗano suna auna ta a kan 100, sai wadda ta kai 80 ake kira ta musamman. Akwai kuma Gesha, irin da asalinsa dajin Habasha ne, wanda ya yi tashe tun da gonar Esmeralda da ke Bokete a gefen tsaunin Baru a ƙasar Panama ta ci gasar ƙasar da shi a 2004. Tana da daɗi, ba musu, amma ba da ita ake koyo ba. Idan kuma aka ga mai babban suna da arha sosai, a tuna sai an tsinki kilo biyar zuwa shida na 'ya'ya da hannu kafin a sami kilo ɗaya na ɗanyar ƙwaya. Araha ba ta ado.

6. A sayi kaɗan, a sayi ƙwaya.

Ranar suya za a duba, ba ranar ƙarewar wa'adi ba. Gahawa tana kan ganiyarta daga 'yan kwanaki bayan suya zuwa kusan wata guda, daga nan ƙamshi ya fara janyewa. Jakar giram 250 tana ba da kofi 16 ko makamancin haka, sai kowane gida ya yi lissafin abin da zai shanye a wata. Niƙaƙƙiya kuwa cikin kwanaki take sallama.

7. A raba ta da maƙwabta masu wari.

Gahawa tana zuƙar duk warin da ke kusa da ita. Kabad ɗin da ake ajiye daddawa da busasshen kifi da yaji ba wurinta ba ne, haka kusa da galan ɗin kananzir, haka ɗakin da ake turaren wuta. A bar ta a jakarta, a matse iska, a naɗe baki, a saka a gwangwani mai murfi, a ajiye inda ba rana ba zafin murhu. Firiji ma a bar shi. Da an ɗauke wuta sai ya yi gumi, laimar ta shige ƙwaya, ga kuma warin miyar jiya. Da damina a ƙara kula da murfi, da bazara kuma a rage yawan abin da ake saye.

8. Idan ɗanya aka samu, a soya a tsakar gida.

A Habasha ko a Sudan wannan ba abin mamaki ba ne, a gaban baƙo ma ake yi. Ana buƙatar kasko mai kauri wanda bai taɓa ganin mai ba, da ludayin katako, da garwashin da ya gama hayaƙi, ko gas a matsakaiciyar wuta. A zuba daidai abin da zai rufe gindin kasko, kada ya taru. Daga nan hannu ba ya hutawa. Ƙwayar za ta tashi daga kore ta koma rawaya, warin ɗanyar ciyawa ya juye ya zama na gasasshen burodi, wani siririn ɓawo ya riƙa ɓallewa yana tashi. Wajen minti takwas zuwa goma sai a fara jin ƙas, ƙas, ɗaya bayan ɗaya, sannan su haɗu. Wannan ce fashewar farko. Minti ɗaya ko biyu bayanta, launi ya zama ruwan ƙasa sosai amma ƙwayar ba ta yi ƙyalli ba, a sauke.

Wanda ya ci gaba zai ji fashewa ta biyu, mai ƙaramar ƙara, ya ga mai ya fito a jikin ƙwaya. A nan Kenya da Mambila da Antigwa duk sun zama abu ɗaya, ɗanɗanon gawayi, kuɗin tsauni kuma ya bi hayaƙi. Da an sauke a juye a faifai, a riƙa bakacewa har ta huce, don zafin cikinta yana ci gaba da suya ko bayan an bar wuta, ɓawon ma a nan iska za ta kwashe shi. Nauyinta zai ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari, kada a zargi kowa. Ana iya dafawa nan take, amma ta fi daɗi idan ta kwana biyu ko uku.

9. A ware mata turminta.

Turmin da ya daka tattasai da daddawa ba ya mantuwa, ko an wanke shi da ruwan zafi. Injin markaɗen unguwa kuwa ba a ma zancensa. Ƙaramin turmi sabo, ko ɗan injin niƙa na hannu, ya wadatar. A daka daidai wanda za a sha a lokacin. Don jiƙawa a buta, a bar shi da ɗan tsaki-tsaki, kada ya yi laushin garin tuwo, a kuma yi ƙoƙari girman ya zo ɗaya, don idan wani ya yi ƙura wani ya yi ɓarza, ɗaci da tsami za su haɗu a kofi guda.

10. Ruwa, ma'auni, da lokaci.

Kusan duk abin da ke cikin kofi ruwa ne, saboda haka ruwan da bai yi daɗin sha ba, ba zai yi daɗin gahawa ba. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri yana dushe tsaminta, na famfo mai warin magani kuma yana ɓata ƙamshi. A bar na famfon ya kwana a buɗe, ko a yi amfani da na gora. Ma'auni shi ne giram 60 a lita ɗaya, wato giram 15 a kofi mai mililita 250. Inda babu sikeli, cokalin cin abinci biyu da rabi a cike zai yi kusa.

Ba sai an sayi na'ura ba. A tafasa ruwa, a sauke, a ba shi rabin minti ko minti ɗaya ya sauko wajen digiri 92 zuwa 96. A zuba gari a buta, a jiƙa shi da ruwa kaɗan. Idan sabuwar suya ce za a ga ta kumbura tana kumfa. Idan ta kwanta shiru, ta tsufa. Bayan rabin minti a cika ruwan, a rufe, a ba ta minti huɗu. A juya saman a hankali, a bari tuka ta kwanta, a tace da farin ƙyalle mai tsabta wanda ba a wanke da sabulu mai ƙamshi ba. In ta yi ɗaci, gobe a rage laushin daka ko a rage lokaci. In ta yi salam da tsami, a ƙara laushi. Abu ɗaya ake canzawa a rana, in ba haka ba ba za a gane wanda ya gyara ba. Wadda ta rage a zuba a fulas, kada a mayar kan wuta.

'Yan'uwanmu na Sudan da suka saba da jabana, 'yar butar yumɓun nan mai dogon wuya, sun san wata hanyar: gari mai laushi, a ɗora a garwashi har ya taso, a sauke ya kwanta, a tsiyaya a ƙananan kofuna. A Habasha sau uku ake zagayawa da gari ɗaya, abol da tona da baraka, kuma baƙon da ya tashi kafin na uku bai kyauta ba. Wannan dafuwa ta fi dacewa da mai kauri ko wadda aka shanya da ɓawo.

11. Kurɓin farko, babu komai a ciki.

Ban hana kowa sukari ba, citta da kanumfari da kirfa ma suna da gurbinsu. Amma wanda ya biya kuɗin Nyeri sannan ya cika kofi da citta, citta ya sha. A kurɓa tana da zafi, a sake kurɓa bayan ta ɗan huce, domin a lokacin ne zaƙinta yake fitowa, sannan kowa ya ƙara abin da ransa yake so. Kayan ƙamshi a bar wa gahawar yau da kullum.

12. In ta Ruwanda ta yi warin ɗanyen dankali, kada a zubar da jaka.

Gahawar kewayen tafkin Kibu, a Ruwanda da gabashin Kwango, haka ta Burundi, takan zo da wannan aibi jefi-jefi, ana danganta shi da wani ƙwaro mai suna antestiya. Ƙwaya ɗaya ce take jawo shi. A shaƙi garin bayan daka. In an ji, a zubar da wannan dakan, a goge turmi, a sake.

13. A yi lissafin kafeyin da goro a ciki.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 a rana ba ya cutar da babba mai lafiya, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Kofi ɗaya yana ɗauke da 80 zuwa 100, wani lokacin fiye. Arabika ta fi sauƙi, kafeyin ɗinta kusan rabin na robusta ne. Sai dai goro da shayi da lemon kwalba mai kola duk suna da nasu, a haɗa su a lissafi. Jiki yana ɗaukar wajen awa biyar kafin ya rage rabin abin da aka sha, don haka mai wahalar barci ya tsaya daga azahar. Gahawa tana rage wa jiki zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci. Mai ƙarancin jini da mai jego su bar tazarar awa guda tsakaninta da cin abinci. Da azumi, a bari ciki ya ɗauki wani abu bayan buɗa baki tukuna. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya tambayi likitansa. Yara kuwa a bar su da kunu.

14. Tukar ba shara ba ce.

Kada a zuba ta a magudanar wanke-wanke, tana taruwa da maiƙo ta toshe bututu. A haɗa ta da busasshen ganye da kashin awaki a ramin taki, ta ruɓe tare da su, sannan a kai wa zogale ko tumatirin bayan gida. Kada a jibge ta ɗanya a gindin ƙaramar shuka, takan yi ɓawo ta hana ruwa shiga. A kuma rufe ramin da ƙasa, domin sauran kafeyin da ke cikinta guba ne ga kare da kyanwa.